Filin Tambayoyin Masu Karatu: Yafiya da Addu'a Tsakanin Abokan Hamayya a Fagen Wasanni

Wasiƙun da suka iso mana a wannan watan sun fi karkata ga abu guda, wato yadda mai bin Almasihu ya kamata ya riƙi wanda yake karawa da shi a fagen wasa, musamman idan karawar ta bar ciwo a jiki ko a zuci. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina buga wa ƙungiyar matasan ikilisiyarmu ƙwallo. A gasar da aka yi bara tsakanin majami'un gundumarmu, wani ɗan wasan baya na ɗaya ƙungiyar ya shigo mini ta baya da ƙafa biyu, ya karya mini ƙwauri. Kafin nan mun yi cacar baki da shi, don haka na tabbata da gangan ya yi. Na yi watanni a kwance, bai taɓa zuwa duba ni ba. Yanzu kwamitin gasar ya kira ni in ba da shaida domin a yanke masa hukunci, mahaifiyata kuwa ta ce idan da gaske na yafe, to kada in je. Fastonmu kuma ya ce in riƙa yi masa addu'a, alhali ko sunansa ba na son ji. Yaya zan yi? (Wani matashi daga Bukuru, Jihar Filato)

AMSA: Ɗana, sannu da jinya, Allah ya ƙara sauƙi, ya mai da ƙafar yadda take. Ka gaishe mini da Mama, ka gaya mata na fahimci abin da take gudu, domin babu uwar da take son ɗanta ya tashi mai riƙo. Sai dai a wannan gaɓar ban goyi bayanta ba. Ka je gaban kwamitin, ka faɗi abin da ya faru ba ƙari ba ragi, yin hakan kuwa ba zai rage yafiyarka da komai ba.

Haƙƙi biyu ne suka haɗu a cikin wannan karaya. Akwai naka, wato zafin da ka sha da watannin da ka rasa da baƙin cikin da ka kwana da shi. Wannan kai ne mai shi, kuma shi Ubangiji Yesu ya ce ka saki, kamar yadda kake roƙo a cikin Addu'ar Ubangiji cewa a gafarta maka laifofinka yadda kai ma kake gafarta wa masu yi maka laifi. Akwai kuma haƙƙin sauran samarin da za su shiga fili ɗaya da wannan yaron baɗi, wanda ba naka ba ne balle ka yi kyauta da shi. Idan ka yi shiru aka bar shi ya ci gaba da shiga da ƙafa biyu, ƙwaurin da zai karye nan gaba na ɗan wata ne, ita kuwa ba a shawarce ta ba kafin a yafe. Manzo Bulus, a ƙarshen sura ta 12 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya hana mai bi ɗaukar fansa da hannunsa, sa'an nan da shiga sura ta 13 sai ya kama bayanin masu iko waɗanda aka ɗora wa alhakin hukunta mai laifi. Ba haka kawai maganganun biyu suka zo a jere ba. An karɓe ramuwa daga hannun wanda aka cuta, an miƙa hukunci ga wanda ba shi da zafin rai a cikin maganar, kuma a gasarku kwamitin nan shi ne yake riƙe da wannan amana.

Misalin da ya fi fito da wannan a sarari daga damben boksin ya zo. Ranar 28 ga Yunin 1997, a birnin Las Vegas na Amurka, Evander Holyfield ya sake karawa da Mike Tyson a kan kambun duniya na ajin masu nauyi, bayan ya doke shi a watan Nuwamban 1996. A turmi na uku Tyson, wanda yake ƙorafin cewa ana tunkuyinsa da kai, ya ciji kunnen Holyfield na dama har ya gutsure wani yanki. Aka rage masa maki biyu aka ci gaba, sai ya sake cizon ɗaya kunnen, alƙalin damben, Mills Lane, ya kore shi. Holyfield Kirista ne da ba ya ɓoye bangaskiyarsa, har yakan shiga fage da lambar ayar Filibiyawa 4:13 a jikin rigarsa, kuma ya sha faɗa cewa tun a wannan daren, a ɗakin sauya kaya, ya yi addu'a ya ƙudurta yafewa. Duk da haka hukumar wasanni ta jihar Nevada ta ci Tyson tarar dala miliyan 3, ta ƙwace lasisinsa na dambe, ba a mayar masa ba sai a watan Oktoban 1998. Ban taɓa jin wanda ya ce yafiyar Holyfield ta ƙarya ce don an zartar da wannan hukunci ba. Sulhun da duniya ta gani da idonta kuwa sai a 2009 ya zo, sa'ad da su biyun suka zauna tare a wani shirin talabijin suka yi musabaha. Ka duba tazarar da take tsakani, shekara 12. Yafiya aikin mutum ɗaya ne a gaban Allah, yana iya yin ta a daren da aka cuce shi, amma sulhu sai mutum biyu sun yarda, kuma ba a yi masa gaggawa.

Ɗaya hanyar ma an bi ta, an ga inda ta ɓulle. A 1997 Roy Keane na Manchester United ya ji mummunan rauni a gwiwa a wani wasa da Leeds, sai ɗan wasan Leeds Alf-Inge Haaland, mahaifin Erling Haaland da kuke kallo a yau, ya tsaya a kansa yana zarginsa da ƙaryar ciwo. Keane ya riƙe abin a ransa fiye da shekara 3, har watan Afrilun 2001, lokacin Haaland ya riga ya koma Manchester City, ya auna gwiwarsa ya taka, aka ba shi jan kati. Da ya nuna a littafin tarihin rayuwarsa a 2002 cewa da niyya ya yi, hukumar ƙwallon Ingila ta ƙara masa dakatarwar wasa 5 da tarar fam 150,000. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, amma ba su ce tana warkar da ciwon farko ba. Wannan ne abin da nake jiye maka idan ka ƙi zuwa gaban kwamiti alhali zuciyarka ba ta saki ba, domin fushin da aka hana wa hanyar gaskiya yakan jira ranar da za ku sake haɗuwa a fili.

Abu ɗaya zan gargaɗe ka a kai. Ka ce ka tabbata da gangan ya yi, kuma mai yiwuwa kana da gaskiya, amma a gaban kwamiti ka tsaya ga abin da ka gani da abin da ka ji, ka ambaci cacar bakin da kuka yi har da abin da kai ka faɗa masa, ka bar su su auna niyyarsa. A Gasar Kofin Duniya ta 2014, ranar 4 ga Yuli a birnin Fortaleza, Juan Zúñiga na Kolombiya ya daki Neymar da gwiwa a baya, ya tsaga masa ƙashin gadon baya, alƙalin wasa kuwa ko kati bai ɗaga ba. Bayan 'yan kwanaki Neymar ya zauna gaban 'yan jarida yana hawaye, ya ce Zúñiga ya kira shi ya ba shi haƙuri, kuma ba ya riƙe da shi a zuci, amma bai yarda cewa irin wannan shigar wasa ce ta yau da kullum ba, domin da dukan ya ɗan gota kaɗan da a keken guragu zai ƙare. Maganar nan ta haɗa abubuwa biyun da nake so ka haɗa, ya saki mutumin, bai kuma kira laifin da wani suna ba.

Batun addu'a kuwa, Fastonku ya faɗa maka daidai, sai dai kada ka jira zuciyarka ta yi sanyi tukuna. Umarnin da yake cikin Matiyu 5:44, cewa mu ƙaunaci magabtanmu mu yi wa masu tsananta mana addu'a, umarni ne a kan abin da za ka aikata, kuma sau da yawa sanyin zuciyar a bayan aikin yake zuwa. Ka fara da gaya wa Allah fushinka yadda yake, domin masu Zabura ba su ɓoye nasu ba. Sa'an nan ka ambaci sunan yaron da bakinka, ko da muryarka za ta yi rawa, ka roƙa masa abubuwan da kake roƙa wa kanka: lafiyar ƙafafunsa, da abin hannunsa, da zuciyar da za ta gane abin da ya yi. Da Bitrus ya tambayi Ubangiji ko yafewa sau bakwai ta isa, aka ce masa bakwai har sau saba'in, kuma a ganina wannan lissafin bai tsaya ga laifofi masu yawa ba, ya haɗa da laifi guda wanda yake ta dawowa. Duk sa'ad da sanyin Filato ya sauko ƙafar ta yi maka tsami, abin zai dawo sabo, za ka kuma sake yafewa, wannan ba alama ce ta cewa yafiyar farko ba ta karɓu ba.

Rashin zuwansa duba ka yana iya zama taurin kai, yana kuma iya zama kunya da tsoron idon iyayenka. Matiyu 18:15 ya ɗora wa wanda aka yi wa laifi nauyin fara takawa, don haka bayan an gama zaman kwamiti ka neme shi ku yi magana ku biyu, idan hakan ya gagara ka nemi wani dattijon ikilisiya ya raka ka. In ya karɓe ka, ka samu ɗan'uwa. In ya ƙi, ka sauke naka nauyin, kuma babu wanda zai tilasta maka abota da shi.

TAMBAYA: Malam, ni Musulmi ne, amma ina bibiyar wannan fili. Nakan ga 'yan wasa Kiristoci na ƙungiyoyi biyu, musamman a Amurka, sun durƙusa tare a tsakiyar fili suna addu'a bayan sun gama gwabzawa. Wani abokina ya ce mini Annabi Isa ya hana addu'a a bainar jama'a. Shin wannan ba riya ba ce? (Wani malamin makaranta daga Zariya)

AMSA: Malam, na gode da wannan tambaya, kuma abokinka bai yi ƙarya ba. A Matiyu 6:5-6 Yesu ya tsawata wa masu son tsayawa a kan hanya suna addu'a domin mutane su gan su, ya ce mai addu'a ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa. Abin da ya hana shi ne neman idon mutane, domin shi kansa ya yi addu'a a gaban taro a bakin kabarin Li'azaru, almajiransa kuma sun riƙa taruwa suna addu'a tare. Al'adar da kake gani a ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka a hannu ana karo da juna, ta fito fili ne a 1990, a wani wasa tsakanin ƙungiyar Giants ta New York da 49ers ta San Francisco, tun daga nan kuma ta bazu. Ba zan rantse maka cewa duk wanda ya durƙusa a gaban kyamara don Allah ya yi ba, riya tana shiga majami'a ma balle filin wasa. Amma abin da ya sa nake girmama al'adar shi ne wanda ya ci da wanda aka cinye suna durƙusawa a layi ɗaya, a daidai lokacin da ɗaya yake da dalilin fahariya, ɗayan kuma yake da dalilin ɗaci.

Inda ake gane gaskiyar abin shi ne ranar da masifa ta sauka ba shiri. Ranar 17 ga Maris 2012, ana wasan Kofin FA tsakanin Tottenham da Bolton a Landan, Fabrice Muamba na Bolton, haifaffen Kinshasa mai shekara 23, ya yanke jiki ya faɗi ba wanda ya taɓa shi. Zuciyarsa ta yi minti 78 ba ta bugawa da kanta. 'Yan wasan ɓangarorin biyu wasu na kuka wasu na addu'a, magoya bayan Tottenham suna kiran sunansa tare da na Bolton, wani likitan zuciya kuma mai goyon bayan Tottenham, Andrew Deaner, ya sauko daga cikin 'yan kallo ya shiga aikin ceto. Muamba ya rayu, ko da yake ya bar ƙwallo a wannan shekarar. Haka aka sake gani ranar 2 ga Janairun 2023 a birnin Cincinnati, sa'ad da zuciyar Damar Hamlin na Buffalo Bills ta tsaya bayan ya yi karo da Tee Higgins na Bengals. 'Yan wasa suka durƙusa suna hawaye, aka soke wasan, da wasu kuma suka fara ɗora wa Higgins laifi a intanet, iyalin Hamlin ne suka fito suka ce a daina, alhali ɗansu yana kwance ba a san ko zai tashi ba. Mutanen Kamaru ma suna da nasu abin tunawa, domin bayan rasuwar Marc-Vivien Foé a fili a birnin Lyon ranar 26 ga Yunin 2003, Faransa ta doke Kamaru a wasan ƙarshe na gasar Kofin Nahiyoyi, amma kyaftin ɗinta Marcel Desailly tare da kyaftin ɗin Kamaru Rigobert Song suka ɗaga kofin.

Tun da kai Musulmi ne, bari in ƙara maka da labarin da ya shafe mu duka. George Foreman ya sha kaye a hannun Muhammad Ali a damben boksin a Kinshasa ranar 30 ga Oktoban 1974, ya kuma daɗe yana ɗauke da ɗacin abin. A 1977 ya tuba ya zama mai wa'azi a birnin Houston, daga baya shi da Ali suka zama aminai har rasuwar Ali a 2016, kowa yana kan addininsa. Na san kuma a Suratu Shura, aya ta 40, an ce wanda ya yafe ya gyara, ladansa yana wurin Allah, don haka wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinka.

TAMBAYA: Baba, ina horar da 'yan mata masu tsere a wata makarantar mishan. Kafin kowace gasa sukan roƙi Allah ya ba su nasara, na kuwa san ɗaya makarantar ma haka suke roƙo. Daidai ne mu ci gaba? (Wata malama daga Kafanchan)

AMSA: 'Yata, babu laifi yaro ya gaya wa Ubansa abin da yake so, kuma Bulus da kansa ya ce a 1 Korantiyawa 9:24 mu yi gudu irin na mai neman samun lada. Abin da zan roƙe ki shi ne ki faɗaɗa musu addu'ar, su roƙi ƙarfin fitar da duk abin da suka koya, su roƙi kada kowa ya ji rauni a ɓangarorin biyu, su ambaci ɗaya makarantar da sunanta. Ki ba su labarin Abbey D'Agostino ta Amurka da Nikki Hamblin ta New Zealand, waɗanda suka yi karo suka faɗi a tseren mita 5,000 a gasar Olamfik ta Rio a watan Agustan 2016. D'Agostino ta tashi ta ɗago abokiyar hamayyarta maimakon ta wuce, da gwiwarta kuma ta gaza, Hamblin ta tsaya ta taimake ta, D'Agostino kuwa ta ƙarasa tseren da tsinkakkiyar jijiya. Daga baya ta ce ba ta da wani bayani sai dai Allah ne ya riga ya shirya zuciyarta. Irin wannan shirin a wurin addu'ar da kuke yi kafin gasa ake samunsa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, har yau idan na ga Luis Suárez raina yana ɓaci saboda abin da ya yi wa Ghana. Shi kuwa ya ce ba zai ba da haƙuri ba. Wajibi ne Kirista ya yafe wa wanda bai tuba ba? (Wani ɗan kasuwa daga Kumasi, Ghana)

AMSA: Ɗan'uwa, ba kai kaɗai ba ne, Afirka duka ta ji zafin daren 2 ga Yulin 2010 a Johannesburg, sa'ad da Ghana ta kara da Uruguay a Gasar Kofin Duniya. Ana kunnen doki 1-1 a minti na ƙarshe na ƙarin lokaci, Suárez ya sa hannu ya tare ƙwallon da Dominic Adiyiah ya sa wa kai a kan layin raga, aka ba shi jan kati, Asamoah Gyan ya buga fenareti ta daki turken sama, Uruguay ta wuce da 4-2 a bugun daga kai sai mai tsaron gida. A 2022 a Katar, kafin ƙasashen biyu su sake haɗuwa, ya ce ba zai nemi afuwa ba domin ba shi ya zubar da fenaretin ba.

Amsar tambayarka ita ce e, ta fuskar sakin riƙo. Yesu yana kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara, ba kuwa wanda ya tuba a cikinsu a wannan sa'ar. Tuba sharaɗin sulhu ne, kai kuwa babu wata hulɗa tsakaninka da Suárez da za a gyara, abin da ya rage kawai shi ne ɓacin ran da kake ɗauke da shi. Ba a ce ka kira abin da ya yi daidai ba, ni ma ban ga kyansa ba, balle murnar da ya yi a bakin fili. Amma dokar wasa ta yi aikinta a take, an kore shi, an ba da fenareti.

Wanda ya fi ba ni tausayi a wannan labarin shi ne Gyan, wanda bayan 'yan mintoci ya sake fitowa ya buga ta farko a bugun raba gardama ya ci, amma ya yi shekaru yana shan zagi daga mutanen gida. Mu 'yan kallo mun fi saurin huce wa baƙo fiye da namu. A Najeriya ma haka aka yi wa Alex Iwobi bayan Côte d'Ivoire ta doke Super Eagles 2-1 a wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abidjan ranar 11 ga Fabrairun 2024, har ya goge hotunansa daga shafinsa na Instagram, sai da kyaftin Ahmed Musa ya fito ya roƙi jama'a su bari. Idan za ka zauna yin wannan addu'a, ka sa sunan Suárez a ciki, ka kuma bincika ko bakinka ko wayarka sun taɓa shiga cikin masu zagin Gyan, domin idan haka ne kai ma akwai gafarar da za ka nema.